Wasan Dodanni Masu Rushe Gari: Tambayoyin Ƴan Damagaram da Amsoshinsu

A ɗakunan gem na Damagaram, daga Zango har Sabon Gari, ƙwallo ce ke mulki. Kusan duk telen da ka leƙa, ita ake bugawa. Amma akwai wani wasa da in aka kunna shi har masu jiran layin ƙwallo sai sun waiwayo: wanda kake zama ƙaton dodo, ka faɗa cikin birni, ka kama benaye da duka. Ga tambayoyin da matasa da iyaye suka fi yi a kansa. Wasu amsarsu gajeriya ce, wasu kuwa sai an gyara zama.

Wai wane irin wasa ne wannan, me ake yi a cikinsa?

A yawancin wasannin bidiyo kai ne soja ko jarumin da aka aiko ya ceci gari. A nan an juya abin. Kai ne masifar da ta sauko wa garin: goggon biri mai tsawon bene, ko ƙadangare mai fesa wuta, ko mutum-mutumin ƙarfe da ya kuɓuce wa waɗanda suka ƙera shi. Sojoji na harbinka ta tagogi, jirage masu saukar ungulu na shawagi a kanka, kai kuwa ɓarnarka kake yi.

Manyan gidajensu biyu ne. A na farko aikinka rushewa ne kurum. Ka baje wannan birni, a buɗe maka na gaba. Rampage ne babba a wannan gida. A na biyu dodo da dodo ne ke faɗa, garin ya zama fage kuma ya zama rumbun makamai. Nan War of the Monsters, wasannin Godzilla da GigaBash suke. Akwai wani na uku inda kake ƙaramin soja mai kare gari daga manyan ƙwari, irin su Earth Defense Force, amma wannan zance ne na wata rana. In za ka bincika a intanet, rubuta kaiju, sunan da ƴan Japan ke kiran waɗannan halittu.

Wanne aka fara yi?

Tun a 1981 akwai wani na kwamfuta mai suna Crush, Crumble and Chomp!, amma wanda ya kafa tuta shi ne Rampage, da kamfanin Bally Midway na Amurka ya fitar a 1986. Lokacin ba a gida ake buga shi ba. Dogon akwati ne mai tele a jiki, kana tsaye, ka jefa sile ka kama sanda. Brian Colin da Jeff Nauman ne suka ƙirƙiro shi.

Dodanninsa uku ne, kuma dukansu mutane ne kafin abu ya same su. George ya sha wani maganin ƙarin kuzari na gwaji ya zama goggon biri. Lizzie ta shiga tafkin da gubar nukiliya ta gurɓata ta fito ƙadangaruwa. Ralph kuwa wani sinadari da aka zuba a abinci ne ya mai da shi kyarkeci. Kana hawa jikin bene kana naushin tagogi, ginin na tsattsagewa, kuma dole ka diro kafin ya zube, in ba haka ba ya tafi da kai ƙasa ka ji ciwo. Bayan kowace taga akwai abin da ke jiranka. Wani lokaci abinci ne ko mutum, ka haɗiye jininka ya ƙaru. Wani lokaci guba ce, ko nakiya, ko kayan lantarki da za su ja ka. Ana farawa daga birnin Peoria na jihar Illinois, a bi biranen Amurka da Kanada har kwana 128. Idan jininka ya ƙare, dodon sai ya motse ya koma mutum tsirara, ya sa hannu ya rufe jikinsa, ya sulale gefe cikin kunya. Abokin wasanka in ya rigaye shi, sai ya cafke shi ya cinye.

Wannan muguntar tsakanin abokai ita ce ta raya wasan. Mutum uku ke bugawa a lokaci guda, kowa da sandarsa, kuna rushe gari tare kuna kuma naushin juna. Ka buga shi kai kaɗai, kafin birni na goma ka fara hamma, don aikin iri ɗaya ne. Ku buga ku uku, sai an kore ku. Bayansa an yi World Tour a 1997, Universal Tour a 1999, Through Time a 2000, sai Total Destruction a 2006. Midway ya karye a 2009, Warner Bros. ya sayi mafi yawan kadarorinsa. A ɓangaren faɗa kuwa, kamfanin SNK na Japan ya fitar da King of the Monsters tun 1991.

Yaya, mu a unguwarmu PS2 (PlayStation 2) ce kawai. Akwai wanda za mu samu?

Ƙanena, ai ku ne da riba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma zamanin PS2 shi ne lokacin da waɗannan wasanni suka fi yawa. Na'urar ta fito a 2000, an sayar da sama da miliyan 150, shi ya sa har yau ake samun ta hannu da kayan gyaranta a kasuwanninmu.

War of the Monsters, na 2003, wanda kamfanin Incognito ya yi wa Sony, shi zan fara miƙa maka. Labarinsa ba shi da nauyi: baƙi daga sararin samaniya sun kawo hari, an kakkaɓo jiragensu, man da ya tsiyaye daga jiragen ya mai da dabbobi da abubuwa dodanni. Guda goma ne, ciki har da Congar biri, Preytor ƙoƙi-ƙoƙi mai tashi, Ultra-V na ƙarfe, Kineticlops mai ido ɗaya da jikin lantarki, da Magmo mai hannu huɗu na narkakken dutse.

Godzilla: Save the Earth na 2004 yana da sanannun fuskoki, su King Ghidorah mai kai uku, Mothra, Rodan da Mechagodzilla. Dodanninsa na da nauyin jiki, ba su da zafin nama irin na wancan, amma fesa wutarsu da ƙararsu sun fi burgewa. Rampage: Total Destruction shi ne mafi sauƙi, na ƙanne da wanda bai taɓa riƙe manet ba. Dodo 30 ne a na PS2, ana zagaya su Las Vegas, Landan, Hong Kong da New York. A ganina shi ne mafi rauni a cikin ukun, don maimaici ya yi masa yawa, amma yara ba sa gajiya da shi.

Kullum ana cin ni a War of the Monsters, alhali na fi kowa saurin latsa maɓalli. Ina matsalar?

Saurin latsawar ne matsalar. Dodonka na da ma'auni biyu, na jini da na kuzari. Kai jini kake kallo, wanda ya iya kuwa kuzari yake kallo. Duk naushi, duk harbi daga nesa, duk tashi sama na cin kuzari, kuma in ya ƙare dodon tsayawa yake yana haki, a zo a yi masa yadda aka ga dama. Ɗan kokowar da ya ƙarar da numfashinsa a minti na farko ba shi ke komawa gida da takobi ba. Ka yi duka uku ko huɗu, ka ja baya, ka tare, ka bar abokin faɗa ya ƙone nasa.

Na biyu, ka daina ɗaukar garin a matsayin kwalliya. Duk abin da ke kan titi makami ne. Mota ana jifa da ita. Tankar mai in ta sauka a jikin dodo fashewa take. Ƙarfen gini da ya faɗo kulki ne. Mafi sharri shi ne dogon ƙarfen eriya da ke kan rufin benaye: ka tsige shi ka jefa, ya soke abokin faɗa, ya tsaya cak yana ƙoƙarin zare shi, kai kuma ka iso da abin da ka tanada. Idan shi ya jefo maka abu, ana iya cafewa a mayar masa, sai dai wannan yana son ido da sabo. Dogon bene kuma in ya kife a kan dodo, magana ta ƙare, ko da jininsa a cike yake. Don haka wanda ya san wasa ba ya tsayawa a gindin ginin da ya fara tangaɗi, yana dai jawo wani ya tsaya a wurin.

Na uku, ka haddace inda abubuwan ƙarin jini da kuzari ke fitowa, kore na jini, shuɗi na kuzari. A wuri guda suke dawowa bayan ɗan lokaci, da yawansu a saman rufi. Gudu zuwa can ba tsoro ba ne. Za a yi maka ihu a ɗakin, a kira ka rago, ka ƙyale su. Har in ka ga jinin abokin faɗa ya yi ƙasa, ka riga shi zuwa ka shanye ko ba ka buƙata.

Akwai kuma filayen da ke da nasu tarko. A Tsunopolis ana iya tayar da igiyar teku ta share tituna, a Baytown girgizar ƙasa, a Atomic Island tashar nukiliya ce ke ambaliya. Wanda ya san abin da ke tayar da su, ya kuma haye sama kafin su zo, ya ci rabin wasa ba tare da ya kai naushi ba.

Sai shawara ta ƙarshe a wannan babi: ka zaɓi dodo guda ka zauna a kansa mako biyu. Congar ya dace da ɗan koyo, don ba shi da wani babban rauni. Preytor na da sauri amma ba ya jure duka, kada ka fara da shi don kawai ka ga wani gwani na yawo da shi a sama.

Mutum nawa ke iya bugawa tare?

A War of the Monsters biyu ne, za ku iya ƙara na kwamfuta su cika fage. Tele na rabuwa biyu in kun yi nesa da juna, ta haɗe in kun matso, dabarar da har yau ba kowane wasa ke da ita ba. Godzilla: Save the Earth na ɗaukar huɗu, amma PS2 ramin manet biyu gare ta, sai an sayi abin ƙarin ramuka da ake kira Multitap. GigaBash huɗu ne kai tsaye.

A fada, inda mutum takwas ke zaune manet biyu ne, dokar da ta fi zaman lafiya ita ce wanda aka ci ya miƙa, wanda ya ci sau uku a jere shi ma ya miƙa ya je ya dafa shayi. In ba a sa wannan ta biyun ba, gwani ɗaya zai riƙe manet har dare, sauran su watse.

Mene ne GigaBash da ake ta magana a kai?

Shi ne jikan waɗancan. Wani kamfani na Maleshiya mai suna Passion Republic Games ya fitar da shi a Agustan 2022 a kwamfuta, PS4 da PS5, daga baya ya zo Switch da Xbox. Dodo goma yake zuwa da su, ɗayansu ma, Kongkrete, bene ne da kansa wanda ya tashi yana tafiya. Kana duka kana rushewa kana tara wani kuzari, in ya cika sai ka kumbura ka ninka sauran girma na ɗan lokaci, kowa ya kama gudu. Godzilla da abokansa ana sayensu daban, a watan Disamban 2022 aka ƙara su, Ultraman ya biyo baya a 2023.

Ya fi tsofaffin kyan gani da sauƙin koyo, kuma in ku huɗu ne babu kamarsa. Abin da na fi so a tsohon War of the Monsters dai, wato faɗin gari da hawa sama da ɓuya, a nan an rage shi, filayen ƙanana ne kuma daga sama ake kallonsu. Masu son labari da wasan haɗin gwiwa su duba Dawn of the Monsters, shi ma na 2022, inda mutum biyu ke tafiya tare suna share hanya.

Ni salula kawai gare ni. Babu nawa?

Akwai, sai dai ka rage buri. Godzilla Defense Force na 2019 kare birane kake yi, yawancin aikin taɓa gilashi ne da jira. Godzilla Battle Line na 2021 karawa ce ta minti uku da wani mutum ta intanet, kana tura dodanni kamar kati. City Smash ba shi da ci ba shi da faɗuwa, an ba ka gari da kayan ɓarna ne ka yi ta gwadawa. Waɗanda suka ga Godzilla da Kong a PUBG Mobile a 2021, wancan baƙunta ce ta ɗan lokaci, ta wuce.

Hanya ta biyu ita ce manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori. Dolphin na buɗe wasannin na'urar GameCube ta Nintendo, inda Godzilla: Destroy All Monsters Melee na 2002 yake. Na PS2 shi ne AetherSX2, wanda mai shi ya daina aiki a kansa a farkon 2023, kuma tun daga nan jabu masu sunansa suka yi yawa, cike da talla. Duka biyun waya mai ƙarfi suke so. Ƙaramar waya za ta buɗe wasan, amma dodo zai riƙa tafiya a daddafe, murya na karkarwa, bayan wayar ya yi zafi, batir ya zube. Kuma maɓallan gilashi ba su dace da wasan da ke son tarewa da cafewa ba. In za ka yi da gaske, nemi manet mai Bluetooth.

Sai da intanet?

Na PS2 ko kaɗan. GigaBash sai lokacin saukewa da sabuntawa, bayan nan kuna iya bugawa a ɗaki ɗaya babu rezo. Karawa da na nesa kuwa tana son layin da ba ya yankewa, ƙiftawar ido guda in ya makara ka sha duka. Na salula su ne masu shan forfe, musamman masu talla.

Na'urarmu ta fara ƙin karanta faifai, wani lokaci ta mutu da kanta. Me ke kawo haka?

Ƙura, zafi da wuta, su uku. Da hunturu, ƙurar da ke shiga ko'ina tana kwanciya a kan idon da ke karanta faifai, ta kuma toshe fanka. Ka rufe na'ura da ƙyalle in an kashe ta, ba lokacin da take aiki ba, kada ka ajiye ta a ƙasa ko a kan katifa. Idon ana goge shi a hankali da auduga da ɗan alkol, in bai yi ba a kai wa mai gyara ya canza shi. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ka ɗaga ta yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi, ka kuma ba ta hutu tsakanin azahar da la'asar.

Wutarmu 220 ce. Babbar PS2 da aka yi don Amurka 120 take ɗauka, ka soka ta kai tsaye sai hayaƙi. Kafin ka sayi ta hannu, karanta rubutun bayanta ko na cajarta. In ka ga 100 zuwa 240, ka tsira. In an ɗauke wuta, zare filogi, don dawowarta ce ke ƙona kaya. Mai aiki da gurup ya sa regilatar a tsakani. Kuma kada a kashe na'ura lokacin da take rubutu a katin ajiya. Katin megabait 8 ne kacal, amma dodannin da kuka yi wata kuna buɗewa a ciki suke.

Wani abu kuma: PS2 na da shiyya. Faifan Turai ba ya tashi a na'urar Amurka ko Japan in ba a taɓa ta ba. PS4 ba ta da wannan matsala a wasanni.

Mun sa wasan a kile amma bidiyon farko yana tsinkewa. Kilen ce ta lalace?

Lafiyarta lau. Ramin USB na PS2 tsohon samfuri ne, 1.1, ba ya zuba bayanai da saurin da faifai ke yi, shi ya sa bidiyo ke sarƙewa alhali wasan kansa na tafiya. Masu amfani da Free McBoot da OPL, manhajojin da ke sa PS2 ta buɗe wasa daga kile, sun san wannan. Tsarin ajiya na kile mai suna FAT32 kuma ba ya karɓar fayil da ya haura gigabait 4, faifan DVD kuwa na kaiwa 4.7, don haka manyan wasanni sai an yanka su, ko a sa sabon OPL mai karanta tsarin exFAT, wanda ba shi da wannan iyaka. Babbar PS2 da aka sa wa rumbun ajiya a ciki ta fi duka sauri. Wasannin dai suna da masu su. Kwafin faifan da ka saya daban, abin da aka kwaso a intanet daban. War of the Monsters ma an sake sakinsa a PS4 a 2015, ga mai son na halal.

Daga ina ma aka samo wannan tunani na dodo mai rushe birni?

Mu ma muna da namu a tatsuniya, Dodon da ke hana ɗibar ruwa, ya haɗiye mutane da dabbobi har Auta ya zo ya yi maganinsa. Amma na wasannin nan iyayensu biyu ne, duka daga silima. Birin da ke hawa bene daga King Kong na 1933 ya fito, George jikansa ne. Ƙadangaren kuwa Godzilla ne, wanda kamfanin Toho na Japan ya fitar a Nuwamban 1954, kuma ba don dariya aka yi shi ba.

Shekara tara kafin nan aka jefa wa Hiroshima da Nagasaki bam ɗin nukiliya. A ranar 1 ga Maris 1954 kuma Amurka ta gwada wani bam a tsibiran Bikini, tokarsa ta zubo a kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23, suka kamu da ciwo, ɗaya ya rasu cikin shekarar. Dodon da gwajin bam ya tayar daga teku ya zo ya ƙone Tokyo, mutanen da suka kalle shi sun san abin da ake nufi. Shi ya sa har yau kusan kowane wasa irin wannan sai ka ga koren ruwa mai guba ko tashar nukiliya a cikinsa, ko da an mai da abin barkwanci.

Wasu kan tambaya ko da yuraniyom ɗinmu aka yi waɗancan bama-bamai. A'a. A Arlit sai 1971 aka fara haƙa. Mafi yawan wanda aka yi aiki da shi a wancan lokaci daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito.

Nauyin tafiyar Godzilla ma yana da asali. Mutum ne a cikin riga, Haruo Nakajima, rigar ta kai kusan kilo 100, yana taka ƙananan gine-ginen da aka ƙera da hannu. Masu yin wasannin sun riƙe wannan tafiya da gangan. In ka ji dodon na maka nauyi a hannu, ba manet ba ne ya lalace.

Akwai wanda aka sa Damagaram a ciki?

Babu, kuma ko an sa, dodon zai rasa aikin yi. Wasannin nan a kan hawa aka gina su, dogon bene suke so mai tagogi da yawa. Godzilla na farko mita 50 ne tsayinsa. A lungunan tsohuwar unguwar Birni, inda gidajen ƙasa ne masu zane a fuska, babu abin da zai kai masa gwiwa, sai dai ya je ya yi ta fama da duwatsu.

A nan dai wasa ya tsaya. Mu mun san faɗuwar gini ba a tele ba. Damina na kayar da gidaje, kuma a Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. In akwai wanda ɗakinsu ya faɗi a cikin zaman, ya ce ba ya son kallo, kada a matsa masa kuma kada a yi masa dariya. A canza faifai.

Ni uba ne. Yaron da ke wuni yana rushe gari da cin mutane, ba ɓarna yake koyo ba?

Baba, Allah ya ƙara girma, tambayarku a kan hanya take. Ku fara da duba bayan kwalin. Na Turai lamba suke sawa: 3, 7, 12, 16 ko 18, wato shekarun da suka dace. Na Amurka harafi ne: E na kowa, E10+ daga shekara 10, T daga 13, M daga 17. Rampage: Total Destruction E10+ ne, War of the Monsters da Godzilla: Save the Earth T ne. Mutanen ciki ƴan mitsi-mitsi ne, dodannin ba su yi kama da kowa ba, makamansu mota ce da bene, ba abin da yaro zai ɗauka a gida ya gwada a kan ƙaninsa ba. Masu bincike sun daɗe suna jayayya a kan ko wasan faɗa na sa yaro faɗa. A nawa ganin, waɗannan sun fi wasannin bindiga da satar mota sauƙi nesa ba kusa ba, kuma su waɗancan ne suka fi yawo a hannun yara.

Inda ya kamata ku sa ido wuri uku ne. Lokaci: ana kiran salla yana cewa bari a gama wannan, ko ana lakwal da islamiyya yana ɗakin gem. Kuɗi: canjin aike ya fara ɓata. Sai caca, wadda ke shigowa a hankali da sunan wanda aka ci shi zai biya, daga nan a fara aza kuɗi. Hukuncin wannan ku tambayi malaminku, amma kada ku jira fatawa kafin ku hana aza kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a 2022. Sai dai ma'auninta ba yawan wasa ba ne kawai: sai mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma a ƙa'ida abin ya kai wata 12. Yaron da ke bugawa ranar Lahadi da lokacin hutu bai shiga nan ba.

In da hali, ku je ku ga ɗakin da kanku, ku san mai shi da waɗanda ke zama. Abin da yaro zai ɗauko daga bakin na kusa da shi ya fi abin da ke tele yawa.

Autana shekararsa biyar, tun da ya kalli yayyensa suna bugawa yake firgita da dare.

Hajiya, ku janye shi, bai kai ba. A wannan shekaru ƙarar da girman halittar kawai yake ɗauka, bai san wasa ba ne. Yayyen su rage murya, su buga lokacin da ba ya nan, kada kuma a riƙa tsoratar da shi da sunan dodon don ya yi shiru.

Ina da ƙaramin ɗakin gem. In ware tele ɗaya don wannan, zai biya?

Ba zai kori ƙwallo ba, ka cire wannan a ranka. Amfaninsa shi ne yana jawo waɗanda ƙwallo ta kora: ƙananan yara, da wanda ya gaji da shan kashi a hannun gwanaye. A nan ɗan koyo na iya kifar da bene a kan gwani ranar farko, ɗaki ya ɗauki ihu, gobe ya dawo da abokinsa.

Matsalarsa ita ce lissafi. Wasan ƙwallo na da lokacin tashi, faɗan dodanni kuwa in an haɗu da masu gudu da ɓuya yana iya jan rabin awa. Ka yanka kuɗi da minti, ko ka saita adadin kisa tun farko, uku ya isa, ka kuma rubuta dokar a bango don kada a yi gardama da kai. Ka ware masa manet nasa, don ƴan koyo na murƙushe maɓalli da sanda fiye da ƴan ƙwallo, kuma ka ajiye robobin maɓalli na canji. Ka buɗe dukan dodanni a katin ajiya ɗaya, ka kwafe shi a wani ka kulle a akwati, don akwai yaron da zai shiga ya goge bai sani ba. Telen kuma ka sa ta daga ciki, nesa da ƙofa, domin ƴan kallonsa sun fi masu bugawa yawa, kuma in suka tsaya a bakin ƙofa mai kuɗi ba zai samu hanyar shiga ba.